Ku Tambaya Mu Amsa: Masu Yawo da Bindiga a Harabar Jami'a a Amurka, Lafiya Kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru a kan magana ɗaya, shine na zaɓi guda huɗu na haɗa su wuri guda, waɗanda basu ga nasu ba suyi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka fitar dani daga duhu. 'Yata tana karatu a wata jami'a a jihar Ohayo ta Amurka, ran asabar ta turo min bidiyo a WhatsApp wai wasu mutane ne suka shigo makarantarsu, maza da mata harda tsofaffi, kowa da bindiga wasu a rataye a kafaɗa wasu a ƙugu, suna tafiya hankali kwance suna ɗaga tuta, ga 'yan sanda na binsu a gefe ko uffan basu ce musu ba. Wallahi tun ranar bacci ya ƙaurace min, ita kuma sai dariya take min wai Mama zanga-zanga ce kawai. Wace irin zanga-zanga ce da bindiga? Su waye su, meyasa ba a kama su ba? Ko in ce ta tattaro ta dawo ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna, kada ki ce ta dawo, 'yarki gaskiya ta faɗa miki, zanga-zanga ce, kuma abinda zai fi ba ki mamaki shine 'yan sandan da kika gani suna binsu, tsaron lafiyarsu suka zo yi da ta masu kallonsu.

Tushen abin yana cikin kundin tsarin mulkin ƙasar. Akwai wani gyara da ake kira gyara na biyu, tun 1791 yake nan, jimla ɗaya ce tal, tana cewa tunda dakarun sa-kai masu tsari wajibi ne ga tsaron ƙasa mai 'yanci, to ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa ba. Shekara da shekaru ana ta musu a kan jimlar nan, wasu suce dakarun ake nufi wasu suce kowane mutum ake nufi, sai a 2008 kotun ƙoli ta raba gardama a shari'ar Heller, alƙalai 5 suka rinjayi 4, tace haƙƙin kowane mutum ne ya ajiye bindiga a gidansa. A 2022 kuma a shari'ar Bruen ta ƙara da cewa haƙƙin bai tsaya a bakin ƙofar gida ba, mutum na iya fita da ita waje. Kinga kenan su a wajensu maganar bindiga layi ɗaya take da maganar 'yancin addini da 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ƙasa ce da wani ƙiyasi na 2017 yace akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato bindigogin sun fi mutanen yawa.

Ɗaukar bindiga a can iri biyu ne. Akwai wanda zai soke ƙaramar bindiga cikin riga ba wanda ya san yana da ita, akwai kuma wanda zai rataya ta a fili kowa na gani, kuma kowace jiha da dokarta, abinda zakiyi a Ohayo a gaishe ki, in kikayi shi a Niyok a ofishin 'yan sanda zaki kwana. A Ohayo baligin da ba shi da laifin da ya hana shi riƙe makami yana iya yawo da ita a fili ba tare da wani lasisi ba. To jami'ar gwamnati filin gwamnati ce, titunanta da filayenta na jama'a ne. Anan ne abin dariyar yake, jami'a tana da ikon ta hana ɗalibanta da malamanta da ma'aikatanta riƙe bindiga tunda a ƙarƙashinta suke, wanda ya karya a kore shi, amma baƙon da ya shigo daga gari bata da abinda zata kore shi daga ciki, muddin bai shiga cikin gini ba. Shi yasa in kin lura da bidiyon zakiga yawancinsu sun girmi ɗalibai nesa ba kusa ba, daga waje suke zuwa, kuma wannan giɓin shine ainihin abinda suke son nunawa, wai ya za ace ɗan gari yana da haƙƙin kare kansa a harabar nan amma ɗalibar da take kwana a ciki bata da shi.

Wadda ta fi yin suna a wannan harka wata ce Kaitlin Bennett, ɗalibar jami'ar Kent State, itama a Ohayo. A watan Mayun 2018 tana kammala digiri sai ta koma harabar da doguwar bindiga ƙirar AR-10 a bayanta, hular kammala karatu a hannu an rubuta zo ka ƙwata a jiki, ta ɗau hoto ta watsa a intanet, tunda yanzu ta zama baƙuwa dokar makaranta bata hau kanta ba. Kuma ba banza ta zaɓi wajen ba, Kent State ce inda a ranar 4 ga Mayun 1970 dakarun tsaron jiha suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, suka kashe 4 suka jikkata 9. Ita hujjarta kenan, gwamnati ta taɓa harbe ɗalibai marasa makami a nan. Wasu kuma suka ce ai wannan rashin ta ido ne, wajen da aka zubar da jinin yara da bindiga shine zaki dawo kina ado da ita. A ƙarshen Satumban 2018 ɗin ta jagoranci tattaki da bindigogi a harabar, masu adawa suma suka fito suka tare hanya, 'yan sanda masu sulke suka shiga tsakani, aka kama mutum 4, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Ni abinda na fahimta bayan na daɗe ina bibiyar su shine, bindigar nan dake kafaɗarsu ita ce kwalinsu na zanga-zanga. Wasu su rubuta buƙatarsu a kwali su ɗaga, su kuma sun rataya tasu. Abu biyu suke nema, na farko ido ya saba, a ga mutum da bindiga yana shan kofi yana murmushi har a daina firgita, na biyu kuma kyamara, suna sane sarai cewa wani zai firgita ya ɗauka ya tura wa mamarsa, labari ya kai gidan talabijin, daga nan ya kai majalisar jiha, dan can ne ake canza doka. Wato Hajiya rashin baccinki ma yana cikin lissafinsu, kiyi haƙuri da faɗin haka. Shi yasa zakiga suna taka-tsantsan ƙwarai, bakin bindiga na kallon ƙasa, yatsa baya kusa da kunama, sukan sanar da 'yan sandan makaranta rana da lokaci da hanyar da zasu bi, domin wanda ya saita mutum da bindiga ko yayi barazana da ita ya fita daga haƙƙi ya shiga laifi, nan take za a yi awon gaba da shi kuma ya ja wa tafiyarsu baƙin jini.

Abinda zaki gaya mata kawai, irin wannan rana makaranta takan turo saƙo ta waya ko imel tun kafin su zo, to ta riƙa karantawa, ta canza hanya, kada ta tsaya kallo ballantana musu dasu, dan inda haɗarin yake shine wajen da su da masu adawa suka haɗu ana ture-ture. In kuma ta ga mutum shi kaɗai da bindiga a hannu cikin gini, ba tuta ba rakiyar 'yan sanda, wannan ba zanga-zanga bace, ta bar wajen da gudu ta kira lambar gaggawa ta 911.

TAMBAYA: Malam ni fa inaga mutanen nan sunfi ku gaskiya. Mugu baya neman izini kafin ya shigo da bindiga, dokar hana makami mutanen kirki kawai take ɗaurewa. Da ace ɗalibai nada bindiga ai da wanda zai shigo ya harbe su sai yayi tunani sau biyu. Meye laifinsu? Daga wani mai bibiyar shafin nan.

AMSA: Ɗan'uwa maganarka ita ce maganarsu kalma da kalma, kuma bazan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Tafiyar nan ta samu ƙarfi ne bayan 16 ga Afrilun 2007, ranar da wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech, ya ɗaure ƙofofin gini da sarƙa yana bin aji-aji. Bayan nan ne aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu neman a basu damar ɗaukar bindiga a ɓoye, kuma su zanga-zangarsu ta fi burge ni, kuben bindiga suke ɗaurawa a ƙugu babu komai a ciki su shiga lakca da shi, wai ku gani an bar mu hannu rabbana. Saƙo ya isa, ba wanda ya firgita. Kuma sun ci nasara a wurare, jihar Yuta tun 2004 ta buɗe ƙofa, Jojiya a 2017, Tekzas kuwa dokarta ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2016, ranar da aka cika shekara 50 cif da wani tsohon soja ya hau hasumiyar jami'ar Tekzas a Austin ya shafe kusan awa ɗaya da rabi yana harbin mutane daga sama. Abin mamaki kowane ɓangare na kafa hujja da wannan ranar ta 1966, dan mutanen gari sun ɗauko bindigogin farauta sun yi ta mayar masa da wuta, masu goyon baya suce su suka hana shi sakat, masu adawa suce harsasansu sun kusa samun waɗanda suka hau sama dan su gama da shi. Gaskiya kuma jami'o'in da aka ba da damar basu zama filin daga ba kamar yadda aka yi ta tsoro, wannan dole a faɗa.

To amma ga inda na rabu da kai. Ka lura ko Tekzas, jihar da bindiga take kamar agogon hannu, a harabar jami'a cewa tayi a ɓoye kawai, kuma sai mai lasisi, ratayawa a fili haramun ne a can, sannan ta ba jami'o'i masu zaman kansu zaɓi, kusan dukkansu suka ce a kai kasuwa. Dalili a bayyane yake, ranar da abu ya faru ɗan sanda ya shigo a guje ya tarar da mutum biyar da bindiga a hannu, wa zai harba? Wannan ba hasashe bane, a Dallas cikin Yulin 2016 lokacin da aka harbe 'yan sanda 5 a wajen wata zanga-zanga, akwai masu rataye da dogayen bindigogi a cikin taron, har aka watsa hoton wani bawan Allah a matsayin wanda ake zargi alhali babu ruwansa. A 2015 ma da aka kai hari wata kwaleji a Oregon, akwai wani tsohon soja ɗalibi da bindigarsa a jikinsa, bai je wajen ba, yace gudun kada 'yan sanda su ɗauka shine maharin.

Sannan kowa hankalinsa na kan maharin da zai shigo daga waje, alhali alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Yanzu ka ɗauki wannan ka kai hostal, yara 'yan 18 zuwa 22, ga giya a ƙarshen mako, ga zafin jarabawa, ga wanda budurwa ta yaudara, ga ɗaki ɗaya mutum biyu ƙofa a buɗe kowa na shiga. Kai ko manya ma, a 2014 wata biyu da fara dokar a jihar Idaho wani farfesa ya harbi ƙafarsa yana tsakiyar koyarwa, bindigar na aljihunsa ta tashi. Ga kuma malamin da zai ba ɗalibi sifili yana tunanin me ke cikin jakarsa, wannan tsoron ya sa malamai uku na jami'ar Tekzas a Austin suka kai ƙarar dokar jihar kotu, sun faɗi, amma shugaban tsangayar zanen gine-gine na jami'ar tattara kayansa yayi ya koma Pennsylvania kuma ya faɗa ƙarara dokar na cikin dalilansa.

Bari in ƙara maka wani ɗan tarihi da su masu tattakin basa son a tuna musu. James Madison, tsohon shugaban Amurka wanda shi ya tsara gyare-gyaren farko na kundin tsarin mulki harda na biyun, yana cikin hukumar gudanarwar jami'ar Bajiniya shi da Thomas Jefferson, shima tsohon shugaban ƙasa, a 1824 lokacin da suka kafa dokar cewa ɗalibi ba zai ajiye makami ko albarushi a harabar makaranta ba. Ita kanta kotun ƙoli a hukuncin 2008 ta ambaci makarantu da gine-ginen gwamnati a matsayin wuraren da za a iya hanawa. Ko NRA, uwar ƙungiyoyin masu bindiga tun 1871, a 2014 ta taɓa sukar masu shiga gidajen cin abinci da dogayen bindigogi a Tekzas tace abin nasu bambaraƙwai ne, sai da 'ya'yanta suka yi mata ca sannan ta janye. Dan haka ni a wajena, wanda yace a bar shi ya kare kansa yana da magana abin saurare, amma wanda ya saɓo doguwar bindiga ya zo ƙofar laburare yana jiran a firgita, shi tsokana yake, ko da doka ta ba shi.

TAMBAYA: Duk hotunan da nake gani farar fata ne. In baƙar fata ne suka taru haka da bindigogi za a ƙyale su? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Malama kin taɓo inda yake ƙaiƙayi. A takarda haƙƙin na kowa ne, akwai ma ƙungiyoyin baƙar fata masu bindiga kuma suna fita tattaki, amma tarihi yana da nasa labarin. Ranar 2 ga Mayun 1967 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther kimanin 30 suka shiga majalisar jihar Kalifoniya a Sacramento da bindigogi a fili, kuma doka ta basu dama a lokacin, dama can suna bin motocin 'yan sanda a Oakland da bindigoginsu suna sa ido kan yadda ake kama baƙaƙe. Kafin shekarar ta ƙare an yi dokar Mulford ta hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, wanda ya sa mata hannu kuma gwamna Ronald Reagan ne, mutumin da masu bindiga suke ɗauka gwarzonsu har gobe. A 1969 ɗalibai baƙar fata a jami'ar Cornell suka mamaye wani gini, da suka fito da bindigogi a hannu hoton ya girgiza ƙasar, ba wanda yace musu 'yan kishin tsarin mulki.

Kuma a wannan Ohayon dai da ake tattakin, a 2014 'yan sanda suka harbe wani baƙar fata John Crawford cikin kantin Walmart yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauka daga kan kantar shagon, a shekarar kuma suka harbe Tamir Rice ɗan shekara 12 a Cleveland yana wasa da bindigar roba. Philando Castile a Minnesota yana da lasisinsa, shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sanda akwai bindiga a jikinsa, a cikin motarsa aka harbe shi a 2016 gaban budurwarsa da ƙaramar 'yarta. Lokacin da hoton Kaitlin Bennett ya bazu tambayar da mutane dayawa suka yi kenan, da baƙar yarinya ce ta ratsa harabar da AR-10 zata kai inda aka ɗau hoton?

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a nan Amurka da bizar karatu, abokaina 'yan ƙasa sun gayyace ni irin wannan tattakin, ɗaya yace zai ara min bindiga in rataya ko dan hoto. Ya kake gani?

AMSA: Ɗana, kul! Kada ka shiga sharo ba shanu. Abokanka 'yan ƙasa ne, kai baƙo ne, kuma dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da biza ta wucin gadi irin taka ta F-1 mallakar bindiga ko harsashi, riƙewa ma kawai tana iya zama laifi, aro da saye duk ɗaya ne a wajen doka. Akwai 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce in kana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha, amma ko da shi sai ka haɗa da dokar jihar da kake da ta makarantarka, kuma na riga na faɗa a sama, ɗalibi shine wanda makaranta take da ikon kora. Mai takardar zama ta dindindin hukuncinsa daban ne, kada ka gwada kanka da shi. Wanda aka kama da wannan laifin gidan yari ne a gabansa, in ya fito a soke biza a tasa ƙeyarsa, digiri ya tafi kuɗin iyaye ya tafi. Hoton da kake so ɗin kuwa shine zai zama shaida a kanka, kai da hannunka ka ɗora shi a Instagram, ka hutar da mai bincike.

Ko zuwa filin koyon harbi da abokai zasu ce muje ka gwada, kada ka taɓa sai ka je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka tambaya, in da hali ka ga lauyan harkar shige da fice ya ba ka amsa a rubuce. In kallo kake so ka tsaya nesa hannunka a aljihu, da ka ga masu adawa sun matso an fara ɗaga murya ka kama hanyar ɗakinka, dan ko kamun 'yan sanda na hayaniya kawai yana shiga fayil ɗinka kuma zaka sake haɗuwa da shi ranar sabunta biza. Abokin nan naka mai aron bindiga ka ce masa na gode, ya rataya kayarsa.